Yadda ake saita hich mai raba nauyi kafin a ja tirelar tafi-da-gidanka

Shekarata uku da zuwa Teksas na sayi tirelar tafi-da-gidanka, irin ɗakin nan mai taya da Amurkawa ke ɗaurawa a bayan fikof su tafi hutu, da gado da kicin da banɗaki duk a ciki. Dilan da na saya a wajensa shi ya ɗaura min hich ɗin, wato ƙarfen da ke haɗa tirela da mota, ya ja baya ya leƙa ta gefe yace kaga mota ta miƙe, sai tafiya, nima na yarda. Bayan sati biyu muka loda kaya ni da iyali muka kama hanya mai lamba 287 daga Fort Worth zuwa Amarillo, muna wuce Wichita Falls iskar yammacin Teksas ta fara kaɗawa, nan naji sitiyari ya zama sakayau a hannuna, in na ɗan juya sai motar ta yi nawa kafin ta amsa, kuma duk gingimarin da ya zo ya wuce mu sai inji kamar an tura bayan motar gefe sannan an fizgo shi. Hannu biyu na riƙe sitiyari har yatsuna suka sage, uwargida tana ta salati ƙasa-ƙasa dan kar yara su ji. Mun isa lafiya alhamdulillahi, amma tun ranar nace sai na fahimci ƙarfen nan ciki da waje, dan ran iyalina ne a kai.

Abin da na gano shine dilan ya saita ne a kan tirela wayam, ba ruwa a tanki, ba tukunyar gas cike, ba kayan abinci, kuma da ido ya auna. Shi kuwa ido bayan mota yake kallo, ko ya zauna ko bai zauna ba, alhali maganar gaba ɗaya a tayoyin gaba take.

Bari in fara daga tushe. Wuyan tirela, wato ƙarfen nan mai siffar A da yake fitowa ta gaba, yana sauka ne a kan wani dunƙulen ƙarfe kamar ƙwallo a bayan mota, yawancin irin waɗannan tirelolin ƙwallonsu inci 2 da 5/16 ne. A Amurka ana so nauyin da wuyan zai ɗora a kan ƙwallon ya kasance tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar da kayanta, kaga kenan tirela mai kilo 3,000 wuyanta zai danna da kilo 300 zuwa 450. In ya yi ƙasa da haka tirela zata dinga kaɗa jela a hanya, shi yasa ba a magance matsalar da kwashe kaya a mayar can ƙarshen baya, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Toh matsalar ita ce ƙwallon ba a saman tayoyin baya yake ba, can bayansu yake da nisa. Duk wanda ya taɓa ganin an cika wa akori-kura buhuna a can bakin ƙofar baya ya san abin da ke faruwa, baya ya durƙusa, hanci ya ɗaga sama. Mu ɗauki misali da lissafi dan a gani ƙarara. A ce tsakanin tayar gaba da ta baya inci 145 ne, daga tayar baya zuwa ƙwallo kuma inci 60, wuyan tirela ya danna da kilo 360. Ka ninka 360 sau 60 ka raba da 145, zaka samu kusan kilo 150. Wannan kilo 150 ɗin daga kan tayoyin gaba aka ɗauke shi, kuma ba ɓacewa ya yi ba, kan tayoyin baya ya koma, wato su yanzu ƙarin kilo 510 suke ɗauke da shi ba 360 ba. Su kuma tayoyin gaba sune masu juya mota, sune masu yin mafi yawan aikin birki, an rage musu riƙon kwalta. Abin da naji a hannuna kenan a hanyar Amarillo. Da dare kuma fitilarka sama take haskawa, masu tahowa suyi ta maka filashin suna zaton babbar wuta ka kunna.

Shi hich mai raba nauyi aikinsa ɗaya ne, ya dawo da wani ɓangare na nauyin nan gaba. Yana da kai, wanda ƙwallon ke zaune a kansa, da sandunan ƙarfe biyu masu tauri da ke fitowa daga kan su miƙa baya ta ƙarƙashin wuyan tirela. Ka tuna mai tura baro a kasuwa, in ya kama hannaye biyun nan ya ɗaga, nauyi sai ya tafi kan tayar gaba, sauran kuma ya sauka a ƙafafunsa. Toh motarka ce baron, sandunan nan sune hannayen baro, tirela ita ce mai ɗagawa. Idan aka ɗaga ƙarshen sandunan aka rataye su a jikin wuyan tirela, da sarƙa ko a kan wani ɗan ƙarfe mai siffar L, sai bayan mota ya ɗan tashi, nauyi ya koma gaba, wani kuma ya tafi kan tayoyin tirelar. A misalinmu na sama, in daga ƙwallo zuwa tayoyin tirela inci 200 ne, ka dawo da kilo 75 gaba, to kusan kilo 42 zai tafi kan tayoyin tirela, tayoyin bayan mota kuma su samu sauƙin kusan kilo 117. Ka lura jimillar bata canza ba, 360 ɗin nan yana nan daram, wuri kawai aka sauya masa.

Wannan maganar nake so ta zauna wa kowa, domin naga mutane da yawa suna zaton in sun sayi hich mai tsada to motarsu ta ƙara ƙarfi. Bata ƙara ba. Ka buɗe ƙofar direba zaka ga wata takarda mai ruwan ɗorawa a manne a jikin ginshiƙin, an rubuta iya nauyin mutane da kaya da motar zata ɗauka, da laba da kilo. Nauyin wuyan tirela a cikin wannan adadin yake, shi kansa hich ɗin ma yana kai kilo 40 ko kusa da haka, ga kai ga iyali ga kula ga kekunan yara. Fikof da aka rubuta mata kilo 700, in wuya ya cinye 360 hich ya ci 40, saura 300 kacal na mutane da komai da komai. Babu saitin da zai gyara wannan in an wuce, sai dai a rage kaya ko a canza mota.

Kafin ka taɓa sifana, ka loda komai kamar yau za a tafi. Wannan shine inda dila ba zai iya maka ba ko da yana so. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, tankin galan 40 ya haura kilo 150, kuma ya danganta da inda tankin yake, gaban taya ko bayanta, zai ƙara wa wuya nauyi ko ya rage. Tukwanen gas da batir kuwa a kan wuyan suke zaune kai tsaye. Ka cika wa mota mai, ka duba iskar tayoyi duka tun da sanyinsu, sannan ka nemi fili shimfiɗaɗɗe, ni filin ajiye motoci na wani babban kanti nake zuwa da sassafe bayan asuba kafin mutane su cika, dan gaban gidana gangare ne kuma gangare kaɗan ma yana ɓata awo.

Farko tirela ita kaɗai. Ka sa mata waigi a tayoyi, ka yi ta murɗa jak ɗin wuya har sai tsayin shasi daga ƙasa ya zo ɗaya a gaba da baya, da tef zaka auna. Sai ka auna daga ƙasa zuwa cikin saman kofin da ƙwallo ke shiga. Wannan tsayin shi zaka bi ka ɗaura kan hich a jikin ƙarfe mai ramuka jere da ke maƙale a bayan mota, saman ƙwallo ya zo daidai da shi ko ya ɗara kaɗan, tunda dole bayan mota zai ɗan zauna in nauyi ya hau. In ramukan basu kai ba ana juya ƙarfen sama ko ƙasa, in har yanzu bai kai ba to wani zaka saya mai tsawo, kar ka ce a haka za a lallaɓa.

Sai awon da yafi komai muhimmanci. Mota ita kaɗai ba a ɗaura komai ba, ka je tayar gaba ka auna daga ƙasa, ta tsakiyar taya, zuwa bakin madigadi. Ni ina manna ɗan salatef a wurin in ja layi da biro dan kullum wuri ɗaya zan sa tef, domin abin da ake nema bai wuce rabin inci ba, in ka gusa kaɗan ka tashi a tutar babu. Ka rubuta. Ka yi na baya ma ka rubuta. Sannan ka sauke wuyan tirela a kan ƙwallo, ka kulle, ka ɗage jak gaba ɗaya, amma kar ka ɗaura sanduna, ka sake aunawa. A tawa na farko ya ba ni inci 37, na biyu 38, wato hanci ya tashi da inci ɗaya. Inci ɗaya fa, wane ido ne zai gani daga nesa? Amma a cikin incin nan sama da kilo ɗari yake.

Yanzu aikinka shine ka dawo da wannan adadin ƙasa, kuma iya inda zaka dawo da shi littafin motarka ne zai faɗa maka, ba maƙwabci ba kuma ba mai sayar da hich ba. A da ana cewa a dawo da gaba daidai inda yake tun farko. Yanzu kamfanoni da dama sun koma cewa a dawo da rabi, wasu ma ƙasa da rabi, ya danganta da mota da shekararta. Abu ɗaya da kowa ya yarda da shi, kar gaba ya sauka ƙasa da yadda yake kafin a ɗaura tirela. Ni rabi nake nema, wato 37 da rabi. Bayan mota kuwa zai zauna da inci ɗaya ko ɗaya da wani abu, ka ƙyale shi, dama an yi shi ne dan ɗaukar kaya.

Wajen ɗaura sandunan akwai haɗari, dan Allah a kula. Kar ka tsaya kokawa da su da ƙarfin damtse. Bayan ka kulle kofin a kan ƙwallo, ka murɗa jak ya ɗaga wuyan tirela tare da bayan motar baki ɗaya, inci uku ko huɗu ko fiye, zaka ga sandunan sun matso kusa da mazauninsu da kansu, sai ka ɗan taimaka da bututun ƙarfen da aka baka su hau cikin sauƙi, ka sa fil ɗin kullewa, sannan ka sauke jak. Haka ma wajen cirewa, ɗagawa ake fara yi. Wanda ya saki sarƙa tana ɗaure tamau, bututun nan zai iya fizgewa ya daki gwiwa ko ƙafa ya karya, saboda haka ko da yaushe ka tsaya ta gefe, ƙafarka kar ta shiga ƙarƙashinsa.

Ka auna gaba. In bai sauko yadda kake so ba, sanduna na buƙatar ƙarin ɗauri, kuma hanya biyu ce. Ta farko a wajen tirela, in mai sarƙa ne irin su Reese ko Blue Ox sai ka rage ƙwayoyin sarƙar da ke ɗauke da nauyi, in mai ƙarfen L ne irin Equal-i-zer sai ka ɗaga L ɗin rami ɗaya. Amma wannan hanyar tana da iyaka, a irin mai sarƙa na gargajiya ana so a bar aƙalla ƙwaya biyar a ɗaure dan sanda ta samu wurin motsi in an sha kwana, kuma ana so sandunan su kwanta kusan a layi ɗaya da shasin tirela, kar jelarsu ta ɗaga sama tana neman taɓa shi. Hanya ta biyu ita ce ta gaskiya duk da tafi wahala, wato karkata kan hich ɗin. A yawancinsu akwai wani ɗan fil da ake jera wa washa a tsakanin kai da ƙarfe mai ramuka, in ka ƙara washa ɗaya kan zai ƙara kwantawa baya wajen tirela, jelar sanduna ta ƙara kallon ƙasa, in aka ɗago su zuwa mazauninsu ɗaurin ya fi ƙarfi. Wasu kuma haƙora ne da su ko wani ƙarfe mai lambobi a maimakon washa, manufar dai ɗaya ce. Wahalar ita ce kowane gwaji sai ka cire tirela, ka kwance manyan notina, ka sa washa, ka mayar, ka sake ɗaurawa ka auna. Ni sau uku na yi ranar farko, washa biyu na ƙara a kan abin da dila ya sa, rana ta take sosai kafin tef ya nuna min 37 da rabi. Ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, in ka taɓa washa ka taɓa sarƙa tare ba zaka san wanne ya yi aikin ba.

In gaba ya zo daidai sai ka koma ka kalli tirela, nan ma da tef. Ana so ta miƙe, ko hancinta ya ɗan sunkuya kaɗan. Hanci sama shine mugu, yana jawo tangaɗi, kuma a mai tayoyi layi biyu yana jibga nauyi kan na baya su yi zafi. In bata miƙe ba, tsayin ƙwallo zaka canza rami ɗaya, kar ka nemi gyara ta da ɗaurin sanduna, kuma in ka canza sai ka sake auna gaban mota dan ɗaya na taɓa ɗaya. Daga ƙarshe a ɗaure notina da sifana mai awon ƙarfi daidai da adadin da ke littafin hich ɗin. Notin ƙwallo yana son ɗauri mai tsanani wanda sifanar gida bata kaiwa, gara ka kai gareji su ɗaure maka.

Tef yana kusantar da kai ne, sikeli ke faɗin gaskiya. A manyan gidajen man da direbobin gingimari ke tsayawa akwai sikelin CAT mai faranti uku, ɗaya na tayoyin gaba, ɗaya na baya, ɗaya na tirela, kuɗin ba yawa kuma maimaici ya fi araha. Hawa uku zaka yi da mutane da kaya iri ɗaya: da sanduna a ɗaure, da sanduna a sake, sannan mota ita kaɗai. Ka haɗa gaba da baya na hawan da sanduna ke sake, ka debe na mota ita kaɗai, abin da ya rage shine ainihin nauyin wuyanka. Da shi zaka san ko kana cikin kashi 10 zuwa 15 ɗin nan, da shi kuma zaka san ko sandunanka sun dace, dan suma aji-aji ne, akwai na laba 600, 800, 1,000, 1,200 har sama. Masu laushi ba zasu iya ɗagawa ba ko ka ƙare washa, masu tauri fiye da kima kuma zasu sa tafiya ta yi ta dukan ƙashi, kwanuka na tsalle a kabad, shasi na shan wahala.

Wanda ya ji tsoro irin nawa abin da zuciya ke raya masa shine ya ɗaure tamau iya ƙarfi, kuma wannan wani ramin ne. In ka ɗage bayan mota da yawa ka rage wa tayoyin baya riƙo, a kwalta mai ruwa ko ƙanƙara ko tsakuwa tirela zata iya tura bayan ya zame gefe, mota da tirela su naɗe kamar aska, kuma wannan ya fi sitiyari sakayau muni dan baya ba ka lokaci. Ga kuma wuraren da hanya ke lotsawa sosai, kamar shiga wasu gidajen mai ko gangaren sansanin hutu, in gaban mota ya hau tirela na baya a tudu ɗaurin kan ninka, har wuyan tirela na iya lanƙwasa. Irin wannan wurin a shiga a karkace a hankali, in ya yi tsanani a sauka a cire sanduna.

Masu sa balan-balan ɗin iska a sifirin na baya su ma su ji. Iska tana ɗaga bayan mota ta yi kyau a ido, amma kilo 150 ɗin can da ya bar gaba bai dawo ba, ƙwallo na nan inda yake da nisansa. In ma ka saita hich sannan ka ƙara iska, ka sassauta sandunan kenan ba ka sani ba. Motocin da ke daidaita kansu da kansu kuwa akwai tsarin da littafinsu ya shimfiɗa na yadda za a kashe abin kafin awo, a bi shi. Akwai ma motocin da kamfaninsu ya hana amfani da wannan hich ɗin sam, da wasu tireloli masu shasi mara kauri, shi yasa a Turai da wuya ka gan shi, su wuyan karabansu, wato irin wannan tirelar tasu, bai cika wuce kashi 5 zuwa 7 ba, kuma a Ingila mai jan karaban baya wuce mil 60 a awa ko a babbar hanya.

Tangaɗi kuma maganarsa daban ce duk da suna tafiya tare. Wasu hich ɗin an gina musu maganinsa a jiki, kamar masu ƙarfen L da gogayyar sanda ke riƙe tirela, shi yasa suke ƙara da kuka in ana kwana a hankali, ba lalacewa bane. A irinsu ana sa giris a wajen kai inda sanda ke juyawa da kan ƙwallo, a duba littafi kafin a shafa a wani wurin. Wasu kuma sai an ƙara musu wani ƙarfen gogayya a gefe, wanda ake cirewa in za a yi ribas mai kwana. In tirela ta fara kaɗawa kana tafe, kar ka taka birkin mota da ƙarfi kuma kar ka bi ta da sitiyari, ka riƙe shi a miƙe, ka ɗage ƙafa daga totur, ka matsa ɗan hannun na'urar birkin tirela da ke cikin motar da yatsa ita kaɗai ta ja baya, zata miƙe. Ka gwada inda hannun yake tun a gida har ya zama kana kai wa gare shi ba tare da ka duba ba.

Sabon hich yana sakin jiki bayan tafiyar farko, fenti ya goge, ƙarfe ya zauna, saboda haka bayan ƴan ɗaruruwan kilomita ka sake aunawa ka bi notina. Haka in kaya suka canza, kamar ranar da na ɗora janareta a bayan fikof sai da gaba ya tashi da kwatan inci. Ni yanzu akwai wani kati a aljihun gaban mota, na rubuta 37, 38, 37 da rabi, da adadin washa da ramin da L yake, tef ɗin ma a nan yake kwana. Bara da muka sake bin hanyar 287 za mu Palo Duro, wani wurin shaƙatawa kusa da Amarillo, iskar tana nan yadda take, gingimari na wucewa ina jin turin, amma motar na tsaye a layinta, muna kaiwa Childress na waiga naga uwargida da yara duk sun yi barci.